Ina Lokacin Yake Tafiya? Bin Sawun Jinkirin Faifai a Cikin Kanel

Idan manhaja ta fara nauyi, ko rumbun bayanai ya riƙa tsayawa cak na ɗan lokaci sannan ya ci gaba kamar babu abin da ya faru, faifan ajiya ne ake fara zargi. Zargin yana da tushe, domin a cikin kwamfuta faifai ne ya fi kowa nawa idan aka kwatanta shi da furosesa da ƙwaƙwalwar aiki ta RAM. Sai dai sau da yawa akan sayo sabon faifai mai tsada a maye gurbin tsohon, a wayi gari tsugune ba ta ƙare ba, saboda tun farko an bar jaki ana dukan taiki. Abin da ake kira jinkirin faifai a dunƙule, tarin jira ne iri-iri da ke aukuwa a matakai dabam-dabam, daga lokacin da manhaja ta nemi a karanto mata bayani zuwa lokacin da bayanin ya shiga hannunta, kuma yawancin matakan nan suna cikin kanel, wato zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Ra'ayina shi ne, duk adadin da aka ce shi ne jinkiri ba shi da amfani har sai an faɗi inda aka tayar da agogon, da inda aka tsayar da shi, da kuma wanda yake jira a tsakani. Zan ɗauki Linux a matsayin misali, domin a buɗe yake, kowa yana iya karanta yadda aka gina shi, kuma kayan binciken da ke cikinsa sun nuna sosai.

Kafin a ce wani adadi ya yi yawa, wajibi ne a san abin da ya dace a gani. Faifai mai juyawa da ke zagaye 7,200 a minti yana kammala zagaye ɗaya a cikin milisakan 8.33 (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan), don haka a matsakaici kan karatu yakan jira rabin wannan, wato kusan milisakan 4, kafin wurin da ake nema ya iso ƙarƙashinsa, ban da lokacin da hannun karatun ya ɗauka yana matsawa zuwa da'irar da ta dace. Shi ya sa karatun da ya warwatsu a irin wannan faifai yakan ci kusan milisakan 10 ko fiye, kuma da wuya ya biya buƙatu ɗari biyu a sakan. Faifan filasha mai amfani da NVMe, wato ƙa'idar haɗa irin wannan faifai da kwamfuta, kuwa yakan dawo da ƙaramin karatu a cikin kimanin maikurosakan 100, wato kashi ɗaya cikin goma na milisakan. Bambancin ya kai ninki ɗari. Milisakan 10 lafiya ce ga na farko, ga na biyu kuwa alamar ciwo ce babba.

A bi karatu guda ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Manhaja ta kira read a kan wani fayil. Kanel yakan fara duba ma'ajiyar shafuka, wani yanki na RAM inda yake riƙe abin da aka karanta ko aka rubuta kwanan nan, a cikin shafuka masu girman bayit 4,096 a yawancin injuna. Idan bayanin yana nan, an gama, faifai bai ma san an yi ba. Idan babu, sai tsarin fayil, ext4 ne ko XFS, ya gano ainihin inda wannan yanki na fayil yake zaune a kan faifai, kuma wani lokaci ganowar kanta tana buƙatar wani karatun dabam. Daga nan ya ɗaura buƙatar a cikin wani ƙunshi da ake kira bio ya miƙa ta ga sashen bulo, wanda shi ne ke tsakanin tsarin fayil da direban faifai. Idan akwai LVM mai rarraba sararin faifai, ko RAID na manhaja mai haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar ɗaya, ko sirrantawa ta dm-crypt, ƙunshin zai bi ta cikinsu, a sauya masa adireshi, wani lokaci a raba shi gida biyu. Sashen bulo yana iya haɗe shi da wata buƙatar da ke maƙwabtaka da shi, ko ya nema masa gurbi na kansa, ya sa shi a layi, mai tsara layi ya zaɓi lokacin fitarsa, direba ya aika wa faifai. Faifai ya yi aikinsa ya ɗaga sigina, kanel ya karɓi siginar ya rufe buƙatar, sannan ya tashi aikin da yake barci yana jira. Kowace gaɓa a wannan tafiya wuri ne da ake iya tsayawa.

Tsohon kayan aikin da ya fi fito da waɗannan gaɓoɓi fili shi ne blktrace, wanda Jens Axboe, mai kula da sashen bulo na Linux, ya rubuta, ya kuma shiga kanel a 2006. Yana ba kowane mataki harafi guda. Q yana nufin buƙata ta iso sashen bulo, G an samar mata gurbi, M an haɗe ta da wata, I an sa ta a layin mai tsarawa, D an miƙa ta ga direba, C kuma ta kammala. Wani ɗan'uwansa mai suna btt yana lissafa tazarar da ke tsakanin haruffan. A ce an ga karatu guda ya samu Q a sakan 12.000100, ya samu D a 12.048300, sannan C a 12.048450. Daga Q zuwa C an kashe sama da milisakan 48, amma daga D zuwa C maikurosakan 150 ne kacal. Faifan ya amsa da sauri kamar yadda ya kamata. Kusan duka lokacin ya tafi ne a cikin kanel, a layi, bayan wasu buƙatun da suka riga shi ko aka fifita a kansa. Wanda ya sayo sabon faifai a kan wannan matsala ya rage maikurosakan 150 ne daga cikin milisakan 48. Idan kuwa aka ga D ta biyo Q nan take, sannan C ta daɗe ba ta zo ba, to ƙasa za a duba, wajen direba da waya da faifan kansa.

Wannan rabo biyu, na jiran layi da na aikin faifai, shi ne darasin farko, amma zamani ya ɗan gurɓata shi. A da faifai buƙata ɗaya yake karɓa a lokaci guda, don haka tazarar D zuwa C lokacin aikinsa ce zalla. Yanzu faifan SATA, ƙa'idar haɗi da ta girmi NVMe, yana iya riƙe umarni 32 a cikinsa ta hanyar layinsa na ciki da ake kira NCQ ya sake musu tsari yadda ya ga dama, ƙa'idar NVMe kuma ta yarda da layuka har kusan 65,000, kowane layi mai ɗaukar umarni kusan haka. Domin tafiya da irin waɗannan faifai aka sake gina sashen bulo da tsarin layuka masu yawa, blk-mq, wanda ya shigo a Linux 3.13 a 2014, aka kuma cire tsohon tsarin layi ɗaya gaba ɗaya a Linux 5.0 a 2019. A yawancin injuna faifan NVMe ba ya ma amfani da mai tsara layi, zaɓinsa none ne. Sakamakon haka layin bai ɓace ba, ya koma cikin faifai ne, inda kanel ba ya gani. Saboda haka idan D zuwa C ta yi tsawo, ba lallai faifan ya lalace ba, yana yiwuwa an tura masa buƙatu ne fiye da yadda zai iya ɗauka a tare. A nan ƙa'idar da John Little ya tabbatar a 1961 take taimakawa: yawan buƙatun da ke cikin tsari daidai yake da yawan masu shigowa a sakan idan aka ninka da lokacin da kowace take ɗauka. Faifan da ke biyan buƙatu 2,000 a sakan, kowace a rabin milisakan, buƙata ɗaya ce ke hannunsa a matsakaici. Idan aka ga buƙatu 60 a hannunsa amma yawan da yake kammalawa bai ƙaru ba, to an kai iyakarsa, kuma duk wadda aka ƙara jira kawai za ta ƙara.

Yawancin masu kula da sabar ba da blktrace suke farawa ba, da iostat suke farawa, kuma a nan ne nake ganin an fi yin kuskure. Shi iostat yana karanta ƙididdigar da kanel ke tarawa a /proc/diskstats ya raba jimillar lokaci da jimillar buƙatu. Abin da yake kira await matsakaici ne, kuma ya haɗa jiran layi da aikin faifai wuri ɗaya. A ɗauki buƙatu 1,000 a cikin sakan guda, 990 sun kammala a milisakan 0.2 kowace, guda 10 kuma sun ɗauki milisakan 200. Matsakaicin zai fito kusan milisakan 2.2, adadin da babu ko buƙata ɗaya da ta ɗauke shi, kuma wanda ba zai tayar wa kowa hankali ba, alhali mutum goma sun jira kashi ɗaya cikin biyar na sakan. Akwai kuma %util, wanda mutane ke karantawa a matsayin cikar faifai. Ainihin abin da yake aunawa shi ne kason lokacin da aƙalla buƙata ɗaya take hannun faifai. Ga faifai mai juyawa guda ɗaya wannan yana da ma'ana, amma faifan da ke iya yin ayyuka da yawa a tare zai nuna 100 ko da buƙata ɗaya tak ake ba shi bi da bi, alhali yana da sauran ƙarfi mai yawa. Wani adadin da ake kira svctm ya ɓatar da mutane har masu kula da iostat suka cire shi.

Haka lamarin iowait yake. Lokaci ne da furosesa ba ta da abin yi alhali akwai aikin da ke jiran faifai, don haka da zarar an ba furosesar wani aikin dabam adadin zai faɗi, ko da jiran faifan yana nan daram. Ma'aunin da ya fi shi gaskiya shi ne PSI, wanda ya shigo a Linux 4.20 a 2018. A /proc/pressure/io yana nuna kason lokacin da wasu ayyuka suka tsaya saboda jiran faifai, da kason lokacin da duk ayyukan da ke da abin yi suka tsaya a tare, a ma'aunin sakan 10 da 60 da 300. Ba ya faɗin dalili, amma yana amsa tambayar da ta kamata a fara da ita, wato ko akwai wanda jiran yake cutarwa.

Dalilin da ya sa 'yan buƙatun nan goma na misalin iostat suke da muhimmanci lissafi ne mai sauƙi. Idan buɗe shafin intanet guda yana buƙatar karatu 100, kuma kowane karatu yana da yiwuwar ɗaya cikin ɗari ta yin jinkiri, to yiwuwar shafin ya ci karo da aƙalla jinkiri ɗaya ta kai kashi 63 cikin ɗari. Abin da ya zama nadiri a wurin faifai ya zama ruwan dare a wurin mai amfani. Don haka mai bincike ya kamata ya nemi ganin yadda lokutan suka rarrabu, musamman jelar rabon, inda kashi ɗaya cikin ɗari ko ɗaya cikin dubu suke. Sau da yawa rabon yakan fito da tozo biyu, ɗaya na buƙatun da faifai ya amsa daga ma'ajiyarsa ta ciki, ɗaya na waɗanda sai da ya je ya nemo, kuma matsakaicin yakan faɗa a kwarin da ke tsakaninsu.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu ya fi shafar karatu. Rubutu ya fi shi wuyar bi, kuma a ganina a nan gizo ke saƙar. Idan manhaja ta kira write, a mafi yawan lokuta kanel yana kwafe bayanin ne cikin ma'ajiyar shafuka, ya yi wa shafin alamar cewa bai sauka a faifai ba tukuna, ya ce wa manhajar an gama. Saukarwar tana zuwa daga baya ta hannun ma'aikatan kanel da ake gani da sunan kworker, waɗanda bisa saitin asali suke farkawa duk sakan 5 su kwashe shafukan da suka kai sakan 30 suna jira, ko kuma su fara aiki da zarar irin waɗannan shafuka sun kai kashi 10 cikin ɗari na ƙwaƙwalwar da ke akwai. Idan tarin ya doshi kashi 20, kanel yakan fara tsayar da masu rubutun da kansu domin faifai ya cim musu. A injin da ke da gigabayit 64 na RAM, kashi 20 yana iya kaiwa gigabayit 12, kuma faifan da ke rubuta megabayit 150 a sakan zai buƙaci kimanin sakan 80 kafin ya kwashe wannan. Abubuwa biyu ne ke fitowa daga nan. Na farko, rubutu yana iya ɗaukar milisakan 300 a sashen bulo ba tare da ya dami kowa ba, saboda babu manhajar da ke jiransa. Na biyu, manhaja tana iya tsayawa na tsawon sakanni a cikin write alhali kowace buƙata a sashen bulo tana kammalawa lafiya, domin a sama aka tare ta, kafin a kai ga harafin Q. Ga kuma wahalar gano mai laifi: sunan da zai bayyana a kan rubutun na kworker ne, manhajar da ta tara shafukan ƙila ta daɗe da gama aikinta.

A duba wani yanayi da ke yawan faruwa, a kan sabar guda mai faifai ɗaya. Rumbun bayanai yana rubuta 'yan kilobayit a kundinsa duk lokacin da aka kammala ciniki, sannan ya kira fsync, wato ya ce ba zai matsa ba sai an tabbatar masa bayanin ya zauna a faifai. A gefe guda kuma wani aikin ajiyar kwafi yana zuba babban fayil a kan tsarin fayil ɗin. A ext4, fsync yakan tilasta wa jbd2, mai kula da kundin sauye-sauyen tsarin fayil, ya rufe zagayen da ake ciki, kuma zagayen ya ƙunshi sauye-sauyen wasu fayilolin dabam. A saitin da aka saba amfani da shi, bayanan da aka riga aka ware wa wuri a cikin wannan zagaye sai sun sauka kafin a rufe shi. Bayan haka sai a aika wa faifai umarnin ya zazzage ma'ajiyarsa ta ciki zuwa wurin zama na dindindin, kuma wannan umarni yana jiran duk abin da ke cikin ma'ajiyar, na kowa da kowa. Ta haka rubutun kilobayit 8 yake iya jiran ɗaruruwan megabayit da ba nasa ba. Wanda ya kalli iostat a wannan lokaci zai ga faifai yana zuba rubutu da ƙarfi, zai ɗauka komai lafiya. Wanda ya kalli rumbun bayanan zai ga aikinsa a halin D, barcin da ba a iya katsewa (ba D ɗin blktrace ba), yana jiran jbd2. Dukansu gaskiya suka gani, amma sai an haɗa gani biyun kafin a gano bakin zaren, kuma maganin yana iya zama raba kundin zuwa wani faifai, ko rage yawan shafukan da ake bari su taru, ko iyakance aikin kwafin ta hanyar cgroup, tsarin kanel na kafa wa rukunin ayyuka iyaka.

Kanel yana da dabarun kansa na kare karatu daga ambaliyar rubutu, kuma kowace dabara wuri ne da ake jira da gangan. Mai tsara layi mq-deadline yana ba karatu wa'adin milisakan 500, rubutu kuma sakan 5. Tun Linux 4.10 akwai wbt, wanda ke rage zurfin rubutun baya idan karatu ya fara wuce wani buri, milisakan 75 ga faifai mai juyawa da milisakan 2 ga na filasha. A cgroup kuma io.max yana kafa iyaka ga rukunin ayyuka, kuma kwantena, wato manhajar da aka keɓe a irin wannan rukuni, idan ta kai iyakarta za ta ga jinkiri mai tsanani a kan faifan da yake zaune kusan ba aiki.

Abin da ya sauya wannan fage a shekarun baya-bayan nan shi ne samun damar sa ƙaramin shiri a cikin kanel yana gudana, ya yi lissafi a wurin da abin ke faruwa. Kamfanin Sun Microsystems ne ya fara nuna amfanin haka da DTrace, wanda ya fito tare da Solaris 10 a 2005, aikin Bryan Cantrill da Mike Shapiro da Adam Leventhal. A Linux aikin ya faɗa hannun eBPF, wanda ya samo asali daga matatar fakitin sadarwa da Steven McCanne da Van Jacobson suka ƙirƙira a farkon shekarun 1990, aka faɗaɗa shi daga 2014, ya kuma samu ikon maƙalewa a tsayayyun wuraren sa ido na kanel a Linux 4.7 a 2016. Yadda biolatency, kayan auna jinkirin faifai da Brendan Gregg ya rubuta a kan eBPF, yake aiki ya isa misali. Lokacin da aka miƙa buƙata ga faifai, shirin yana ajiye lokacin a wani tebur cikin kanel. Lokacin da ta kammala, sai ya ɗauko lokacin farko ya cire daga na yanzu, ya ƙara ɗaya a gurbin da ya dace, kuma guraben suna ninkawa ne, daga maikurosakan 64 zuwa 127, daga 128 zuwa 255, haka har sama. Taƙaitaccen jadawalin kawai ke fita daga kanel. A lura cewa a yadda yake zuwa, daga miƙawa zuwa kammalawa yake aunawa, sai an ƙara masa -Q kafin ya haɗa da jiran layin kanel. Mutum biyu suna iya gudanar da kayan aiki ɗaya a kan inji ɗaya su fito da amsa biyu saboda wannan harafi guda. Ɗan'uwansa biosnoop yana fitar da layi ɗaya ga kowace buƙata, da sunan aiki da sekta, wato gurbin bayanin a kan faifai, da girma da lokaci, kuma da shi ake ganin abin da ya riga buƙata mai jinkiri shiga faifai.

Sa ido yana da nasa tsada da tarko. Shi blktrace yana fitar da rahoto da yawa ga kowace buƙata, don haka a kan faifan da ke biyan dubban ɗaruruwan buƙatu a sakan rahoton kansa ya zama kaya, kuma idan aka ajiye shi a kan faifan da ake bincike an gurɓata gwajin. Idan ma'ajiyar rahoton ta cika, wasu aukuwar sukan zube, a ga D babu C, a yi zaton buƙata ta maƙale alhali rahotonta ne ya ɓata. Haɗewa da rabewa ma suna rikita lissafi, domin Q goma suna iya zama D ɗaya. Siginar kammalawa kuma tana sauka ne a kan duk aikin da ke kan furosesa a wannan lokaci, saboda haka sunan aikin da aka gani a wurin C ba shi da alaƙa da mai buƙatar, tun a wurin farawa ake kama sunan. Sannan kayan aikin da ke maƙalewa a kan ayyukan cikin kanel ta hanyar kprobe sukan karye idan aka sauya sunan aikin ko aka narkar da shi cikin wani a sabon kanel, abin da ya taɓa faruwa da kayan binciken faifai na BCC, tarin kayan eBPF da biolatency da biosnoop suke ciki. Tsayayyun wuraren sa ido irin su block_rq_issue da block_rq_complete sun fi ɗorewa, kuma su nake ba da shawarar a dogara da su duk inda suka wadatar.

Saboda duk wannan, na fi yarda da binciken da ke farawa daga sama ya gangaro. A fara auna lokacin da manhajar kanta ta kashe a cikin read da write da fsync, da kayan aiki irin su ext4slower ko xfsslower, waɗanda ke nuna duk kiran da ya wuce wani adadin milisakan. Idan babu jinkiri a nan, faifai ya fita daga zargi komai munin adadinsa. Idan akwai, sai a tambayi inda aikin ya kwanta barci, kuma offcputime yana nuna jerin kiran da ya kai shi ga barcin tare da tsawonsa. Jerin da ya ƙare a jiran kundin jbd2 labarinsa dabam, wanda ya ƙare a balance_dirty_pages, inda ake tsayar da masu rubutu, dabam, wanda ya ƙare a jiran makullin da wani aiki ya riƙe shi ma dabam. Sai jerin ya nuna jiran karatun shafi daga faifai ne ya dace a sauka sashen bulo a raba Q zuwa D da D zuwa C.

Idan bincike ya tabbatar lokacin yana tafiya ne tsakanin D da C alhali buƙatun da ke hannun faifai ba su da yawa, an iso iyakar abin da kanel ke gani, sai a koma karanta alamu. Ruwa ba ya tsami banza. Ƙwayoyin filasha ba a iya rubutu a kansu sai an goge, gogewar kuma babban yanki take ɗauka a lokaci guda, don haka faifan yana da aikin share-share na cikin gida, yana kwashe bayanan da ke da rai daga wani yanki domin ya goge shi. Idan faifan ya kusa cika, wannan aiki yakan yi karo da buƙatun waje, a ga jinkiri yana zuwa lokaci-lokaci a tsakiyar rubutu mai yawa. Faifai da yawa suna da ƙaramin yanki mai saurin rubutu, kuma da ya cika saurin yakan faɗi farat ɗaya. Zafi ma yana sa faifan NVMe ya rage gudu da kansa. Faifai mai juyawa da ya ci karo da sekta mai rauni yakan yi ta maimaita karatu na tsawon sakanni, kuma alamar hakan ita ce jinkirin yana komawa kan sekta ɗaya ko maƙwabtanta, abin da biosnoop zai nuna, bayanan SMART, rahoton da faifai ke bayarwa kan lafiyarsa, kuma su ƙarfafa. Wasu adadin ma da kansu suke faɗin sunansu. Jinkirin da ya tsaya daidai sakan 30 yana nuna umarni ne ya ɓata har wa'adin da kanel ke ba faifan SCSI ko NVMe ya cika aka sake aikawa, saƙon da kanel ke rubutawa kuma cewa wani aiki ya toshe fiye da sakan 120 yana fitowa ne daga mai gadin ayyukan da suka daɗe a halin D.

A kwamfutar kwaikwayo da ke gudana cikin wata kwamfutar, abin da kanel na ciki yake ɗauka faifai ne ba faifai ba ne. Tazararsa ta D zuwa C ta ƙunshi dukan tafiyar da aka bayyana a sama karo na biyu a cikin kanel na uwar injin, kuma a ma'ajiyar girgije ta ƙunshi tafiya a kan hanyar sadarwa da rubuta kwafi a injuna fiye da ɗaya. Masu ba da irin wannan hidima sukan kafa iyaka ga yawan buƙatu a sakan, wasu kuma suna ba da rarar da ke taruwa lokacin hutu ta ƙare lokacin aiki. Alamar ƙarewarta ita ce yawan buƙatun ya daidaita a kan wani adadi kamar an ja layi da ma'auni, jinkiri kuma ya hau daidai da zurfin layin, kamar yadda ƙa'idar Little ta ce zai yi.

Akwai gaɓa ta ƙarshe da ba ta bayyana a cikin haruffan blktrace ko kaɗan. Bayan C, aikin da ke barci an tashe shi ne kawai, bai fara gudu ba. Sai mai rabon furosesa ya ba shi wuri, kuma idan furosesar tana cike da wasu ayyuka, ko kwantenarsa ta cinye kasonta na wannan zagaye, zai tsaya a wani layin dabam. A zamanin faifai mai juyawa, ƙarin milisakan ɗaya a kan goma ba ya jan hankalin kowa. A kan faifan da ke amsawa a maikurosakan 100, milisakan ɗaya na jiran furosesa ya ninka aikin faifan sau goma, kuma manhajar za ta rubuta shi duka a matsayin lokacin karatu. Kayan aikin runqlat ne ke auna wannan jira, daga tashi zuwa fara gudu, kuma idan jadawalinsa ya nuna jela mai tsawo a daidai lokutan da manhajar ke kuka, sai a ajiye binciken faifai a koma kan yadda aka raba furosesa tsakanin ayyukan injin.